Yadda ake gano dalilin kukan sitiyari a tsohuwar mota da yadda ake gyara shi

Da zarar tsohuwar mota ta fara kuka in an murɗa sitiyari, hukuncin da ake yankewa nan take shi ne famfon sitiyari ya mutu. Sai a sayo wani a ɗaura, a biya kuɗin aiki, bayan kwana uku kukan ya dawo kamar ba a taɓa komai ba. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Gaskiya ne daga cikin famfon sautin yake fitowa, amma galibi kukan yunwa yake yi: ko man bai ishe shi ba, ko kuma man da ke iso masa gauraye yake da iska. Famfon da aka ɗaura jiya ma, in aka ba shi irin wannan man, haka zai yi kuka. Saboda haka za mu bi abin daki-daki, mu fara da abin da ido da kunne kaɗai ke ganowa, mu bar kwance famfo a ƙarshen layi.

Ka fara tabbatar da irin sitiyarin motarka

Wannan bayani na sitiyari mai aiki da mai ne, irin wanda ya fara shiga kasuwa a motar Chrysler Imperial ta 1951, ya kuma mamaye motoci har cikin shekarun 2000. Buɗe bonet ka nemi wani ɗan kofi na roba ko na ƙarfe, sau da yawa da hoton sitiyari a murfinsa. In akwai shi, kuma tiyo ya sauka daga gindinsa zuwa famfon da bel ke juyawa, to da kai ake. In babu kofin sam, sitiyarinka na lantarki ne zalla ko kuma irin wanda ba shi da pawa ko kaɗan, matsalarsa daban take. Akwai na tsaka-tsaki, kamar na Peugeot 307 da Opel Astra G, masu mai amma lantarki ke juya famfonsu. Duk abin da za a faɗa kan mai da iska da yoyo ya shafe su, ban da maganar bel.

Man sitiyari, wanda makanikai ke kira man pawa, zagaye yake yi. Daga kofi yana gangarowa ta wani tiyo mai faɗi zuwa bakin famfo. Wannan shi ne ɓangaren zuƙa, babu matsi a cikinsa. Famfo ya tura shi ta tiyo mai kauri zuwa rak, doguwar sandar nan mai haƙora da ke tura tayoyin gaba dama da hagu. Wasu manyan motoci da tsofaffi akwatin sitiyari gare su a maimakon rak, amma aikin ɗaya ne. Daga can man ya komo kofi ta tiyon dawowa. Matsin da ke cikin tiyo mai kauri, idan sitiyari ya kai ƙarshe, yakan kai bar 70 zuwa 100, wato ya ninka iskar tayar motar fiye da sau talatin.

Ka riƙe wannan bambanci, don a kansa rabin aikin ya rataya. Ɓangaren matsi in ya huje, mai yake zubarwa, za ka gani a ƙasa. Ɓangaren zuƙa kuwa in ya huje, iska yake sha, kuma sau da yawa ko ɗigo ɗaya ba za ka gani ba.

Kayan aiki da kiyaye kai

Kana buƙatar jak da ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota, waigi, saitin sifana, filaya, doguwar sukurdireba, babban sirinji da guntun tiyo, mazurari, tsohon galan, tsummokara, tocila, da lita biyu na man da ya dace da motar.

Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kada ka sunkuya kan inji yana aiki da hannun riga mai lilo ko wani abu rataye a wuya, don bel ba ya jiran mutum ya janye. Kada kuma ka lalubi wurin yoyo da yatsa a jikin tiyon matsi inji na aiki, siririn man da ke fita da irin wannan ƙarfi yana iya huda fata ya shige cikin nama. Man kuma yana kamawa da wuta in ya zuba kan salansa mai zafi.

Mataki na 1: saurara kafin ka taɓa komai

Ajiye motar a fili mai shiru, ja birkin hannu, tayar da inji ka bar shi a silo, ka kashe na'urar sanyaya mota. Sa wani ya riƙa murɗa sitiyarin a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, kai kuma kana tsaye a gaban bonet. Gwajin ya fi kyau da safe kafin injin ya ɗumi, sannan a sake shi bayan tafiya.

In ka ji kuka mai tsawo kamar na sauro amma mai ƙarfi, wanda ke tashi idan an taka totur, ya ƙaru idan an murɗa, to zancen mai da iska ne, ko famfon da ya ci. In gurnani ne ko nishi mai kauri, musamman ana murɗawa mota na tsaye, har kana jin rawa a sitiyari, to famfon yana zuƙa bai samu ba. In ƙara ce mai tsini kamar ihu, tana tashi da an tayar da mota ko da sitiyari ya kai ƙarshe, wannan bel ne ke zamewa. In kuwa ƙwas ko gaf kake ji, sau ɗaya ko biyu a kowace murɗawa, ka cire famfo daga lissafi, wannan daga ƙafar mota ne, za mu zo kansa.

Ɗan huci da ake ji idan sitiyari ya kai maƙura ba ciwo ba ne. Bawul ɗin rage matsi ne ya buɗe yana mayar da mai. Sai dai kada a riƙe sitiyari a maƙura fiye da daƙiƙa biyar, man yana zafi da sauri a wannan hali kuma famfo na wahala. Wannan ɗabi'a kaɗai ta tsufar da famfuna da yawa kafin lokacinsu.

Ka duba iskar tayoyin gaba kafin ka wuce. Taya mai ƙarancin iska tana manne wa ƙasa, famfo ya yi ta fama.

Mataki na 2: duba man, ka duba shi da kyau

Kashe inji, goge murfin kofin da kewayensa kafin ka buɗe, don ƙasa kaɗan in ta faɗa ciki ta isa ta kankare famfo. Akwai alamar sama da ta ƙasa a jikin kofin ko a gejin da ke manne da murfi, kuma yawanci layi biyu ne, na sanyi da na zafi, saboda mai yana kumbura in ya ɗumi. In man ya yi ƙasa, ka sami dalilin kukan amma ba ka sami dalilin matsalar ba. Man pawa ba ya raguwa da aiki kamar man inji, ba ya kuma bin iska. In ya ragu, wani wuri ya bi.

Ɗiga kaɗan a kan farar takarda. Mai lafiya garai-garai yake, ja ko ruwan zinariya ko kore gwargwadon irinsa. In ya koma ruwan ƙasa mai duhu ko baƙi yana warin ƙuna, ya gama aiki. In akwai baƙaƙen ɓarɓashi, tiyo ne ke rugujewa daga ciki. In kuma ka kai takardar hasken rana ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, wannan labari ne marar daɗi, famfo ne ke cin kansa.

Yanzu maganar irin man da za a zuba, inda mutane da yawa ke yin kuskure mai tsada. Ba kowane jan mai ne man pawa ba. Tsofaffin Toyota da Nissan da yawa man giyar otomatik suke sha, irin Dexron II ko III. Honda tana da nata na musamman, kuma man giya yana lalata mata sil, wato robobin da ke hana mai yoyo. Volkswagen da Audi da wasu BMW koren mai suke so, irin CHF 11S. Abin da aka rubuta a murfin kofi ko littafin motar shi za a bi, ba launin abin da ka tarar a ciki ba, don ba ka san abin da wanda ya riga ka ya zuba ba. Man da ya fi ƙarfin motar kauri yana sa kuka da safe ko da komai lafiya lau yake. Man birki kuwa ko kusa kada ya je, yana kumbura robobin ciki ya lalata su gaba ɗaya. In an riga an zuba shi bisa kuskure, kada a tayar da inji, a zuƙe shi a wanke kofin.

Cika man zuwa layi, tayar da inji, ka leƙa cikin kofin da tocila ana murɗa sitiyari. Ka ga yana gudana lami lafiya? Ko kuwa kumfa ce ke tasowa, ko man ya yi fari-fari kamar an kaɗa shi? In ka kashe inji man ya yi tsalle ya hau sama, har wani lokaci ya yi ambaliya ta murfi, iska ce da ke matse a ciki ta saki. Wannan shaida ce da ba ta ƙarya.

Mataki na 3: nemo inda iskar ke shiga

A nan nake son ka fi daɗewa, domin a nan mafi yawan kukan tsofaffin motoci yake ɓoye, kuma gyaransa shi ne mafi sauƙi.

Bi tiyon zuƙa da hannu, inji a kashe, daga gindin kofi har bakin famfo. Sabon tiyo yana da taushi, in ka matsa ya dawo. Wanda ya shekara goma sha biyar a cikin zafin inji yakan ƙandare kamar itace, bakinsa ya daina kama bututun da aka cusa shi a kai. Gwada juya shi a inda kilif ya ɗaure. In ya juya cikin sauƙi, iska na shiga ta nan. Duba tsagewa a lanƙwasa da kuma ƙarƙashin kilif. Wani tiyon kuma akasin haka yake yi, ya yi laushi fiye da kima har ya manne da kansa idan famfo ya zuƙa, ya toshe hanya. Sa a taka totur kaɗan kana kallonsa, za ka ga yana shafewa.

A bakin famfo, inda ɗan bututun zuƙa ke shiga, akwai wani ƙaramin zoben roba. Yawanci kusa ɗaya ce ke riƙe da bututun. Wannan zobe in ya tsufa yakan baje ya taurare, da sanyin safiya kuma ya ƙanƙance, iska ta samu hanya. Alamarsa a fili take: kuka mai ƙarfi da safe, wanda ke raguwa ko ya ɓace bayan injin ya yi zafi. An san Honda Accord da Odyssey na shekarun 2000 da wannan, amma kowace mota mai irin wannan haɗi tana iya yi. Don canza shi, zuƙe man kofi da sirinji, shimfiɗa tsumma a ƙarƙashi don kada mai ya zuba kan bel da altaneta, kwance kusar, zare bututun kana ɗan juya shi, cire tsohon zoben ba tare da ka kankare mazauninsa ba. Shafa wa sabon man pawa kafin ka sa, ka mayar da bututun a miƙe. Zoben ya zama daidai girman na asali, kuma irin wanda ke jure mai da zafi. Wanda ya ɗan fi siriri zai shiga lafiya amma aikin banza aka yi.

In kana shakkar wani haɗi, ga dabara: shafa giris mai kauri kewaye da shi, ka tayar da inji. In kukan ya ragu na ɗan lokaci, ka kama ɓarawon.

Sannan kofin kansa. A gindin mafi yawansu akwai rariya mai ƙananan idanu da ke tace man kafin ya sauka. Shekaru suna tara mata baƙin laka har ta toshe, famfo ya yi ta zuƙa man na zuwa da kyar. Kofi a cike, amma famfo na jin yunwa. Zuƙe man ka haska ciki. In rariyar ta yi baƙi ƙirin, cire kofin ka wanke shi da abin wanke birki na feshi, ka bar shi ya bushe sarai kafin ka mayar. A wasu motoci matatar a like take cikin kofin, ba ta wankuwa da kyau, sai dai a sake kofin dungurungum. Ni a ganina duk wanda zai sa sabon famfo ya bar tsohon kofi mai datti, asarar kuɗinsa kawai yake shiryawa.

Mataki na 4: bel da fuli

Inji a kashe, duba bel ɗin. In cikinsa ya yi sheƙi kamar gilashi, ko ya tsattsage, ko mai ya jiƙa shi, a sake shi. Danna tsakiyar mafi tsawon tazara tsakanin fuli biyu da babban yatsa da ƙarfi. A motocin da ake ɗame bel da hannu, kimanin milimita 10 ya kamata ya lotsa, amma adadin da ke littafin motar shi ne gaba. Kada a ɗame shi fiye da kima don a kashe ƙara, yin haka yana kashe boris ɗin famfo da na altaneta. A motoci masu bel ɗaya da ke juya komai, ajasta ce ke ɗame shi da kanta, kuma in ƙarfinta ya ƙare sabon bel ma zai yi ihu.

Fesa ruwa kaɗan a cikin bel ɗin inji na aiki. In ƙarar ta ƙaru, bel ya saki. In ta ɗauke ta dawo bayan daƙiƙoƙi, fuli ne ba ya kan layi ɗaya da 'yan uwansa. In babu abin da ya canza, bel ba shi da hannu a ciki.

Mataki na 5: nemo yoyo

Wanke inji da ƙarƙashin gaba a inda mai ya ɓata, bar shi ya bushe, yi 'yar tafiya, sannan ka duba da tocila. Mai yana gangarowa ƙasa kuma iska na kai shi baya, don haka wuri mafi tsayi da ya jiƙe shi ne tushen. Barbaɗa hoda a wurin da kake zargi yana fito da sawun man a fili.

Wuraren da aka saba: inda aka matse ƙarfe da roba a tiyon matsi, bayan fulin famfo inda sil yake, da bututun dawowa da tsatsa ke ci. Sai robobin nan biyu masu ninki-ninki da ke rufe bakin rak dama da hagu. Matsa su. Bai kamata a samu mai a cikinsu ba. In sun cika, sil ɗin rak ya tafi. Tiyon matsi kuwa ba a faci, ba a ɗaure shi da kilif, sakewa ake yi.

Wasu tsofaffin Toyota da Lexus suna da wani ɗan bawul a jikin famfo mai siraran tiyo biyu da ke zuwa inji, aikinsa ɗaga silo idan an murɗa sitiyari. In ya lalace, inji ne ke zuƙe man pawa ya ƙone shi. Mai na raguwa, ƙasa a bushe, mota na farin hayaƙi da an tayar. Zare tiyon ka duba, in akwai mai a ciki ka gano.

Magungunan tsayar da yoyo da ake zubawa cikin kofi kumbura sil suke yi. Suna iya saya maka 'yan watanni a kan ɗan tsattsafi, amma ba sa ɗinke tiyon da ya tsage.

Mataki na 6: canza man gaba ɗaya

In man ya yi baƙi, ko ba ka san irin wanda ke ciki ba, canza shi. Sa waigi a tayoyin baya, ɗaga gaban motar har tayoyin biyu su bar ƙasa, ka tokare ta. Zuƙe kofi. Cire tiyon dawowa daga kofin, shi ne ƙarami, yawanci yana sama da na zuƙa. Toshe bakin da ka cire shi, ka ƙara wa tiyon tsawo zuwa cikin galan. Cika kofi da sabon mai. Murɗa makulli don sitiyari ya saki amma kada ka tayar da inji. Yanzu a riƙa murɗa sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Rak da kansa zai riƙa turo tsohon man cikin galan, kai kuma kana ƙara sabo don kada kofin ya ƙafe. Idan abin da ke fita ya zama kalar abin da kake zubawa, mayar da tiyon ka ɗaure.

Wasu suna yin wannan inji na aiki. Ban ba da shawarar haka ba. Duk man da ke cikin yawancin ƙananan motoci bai wuce lita ɗaya ba, famfo kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi yake kwashe kofi, ya ci gaba da juyawa a bushe. Garin gyaran gira a rasa ido.

Tsohon man a zuba shi a galan mai murfi a kai inda ake karɓar tsohon man inji, kada a zubar a ƙasa ko magudanar ruwa.

Mataki na 7: fitar da iska

Duk lokacin da aka buɗe wani haɗi, sai an yi wannan, kuma gaggawa a nan ita ke sa a ce gyara bai yi ba.

Tayoyi a sama, inji a kashe, kofi a cike, murfi a buɗe. Murɗa sitiyari a hankali zuwa ƙarshen dama, a hankali zuwa ƙarshen hagu, kamar sau ashirin. Za ka ga ƙwayoyin iska na fitowa, man na sauka. Ƙara. Idan iska ta daina fitowa, tayar da inji na daƙiƙa uku ka kashe, ka duba ka ƙara. Sake tayarwa, bar shi a silo, murɗa ƙarshe zuwa ƙarshe sau biyar ko shida ba tare da riƙewa a maƙura ba. In man ya yi kumfa, kashe inji ka tafi ka bar shi rabin awa ko fiye, kumfar ta kwanta, sannan ka sake daga farko. Ci gaba da murɗawa da mai mai kumfa ƙara niƙa iskar kawai yake yi ta zama ƙanana masu wuyar fita. Daga nan sauke motar, sake murɗawa sau biyu ko uku tayoyi na ƙasa, daidaita man zuwa layi.

Ɗan kuka kaɗan na iya saura kwana ɗaya ko biyu kafin ragowar iskar ta fita. Amma in kumfa ta ci gaba da dawowa bayan ka yi wannan sau biyu ko uku, kada ka ce iskar ce mai taurin kai. Sabuwa ce ke shiga. Koma mataki na 3. Sil ɗin bayan fuli ma yana iya shan iska ba tare da ya zubar da mai sosai ba.

Mataki na 8: sai yanzu famfo

Mai sabo ne, babu kumfa, rariya a wanke, bel daidai, amma kukan na nan. To yanzu famfo ya shiga hannu. Ɗora bakin doguwar sukurdireba a jikin famfo, ƙotar a kunnenka, kana nesa da bel. Yi haka a jikin altaneta da kusar ajasta. Wanda ya fi kowa ƙara shi ne mai ciwon, kuma sau da yawa za ka tarar boris ɗin altaneta ne ko na wani fuli yake kwaikwayon kukan famfo. Bambancinsu shi ne nasu ba ya canzawa idan an murɗa sitiyari. Cire bel ka juya kowane fuli da hannu. Na famfo ya juya sumul, ba gargada, ba girgiza sama da ƙasa.

Alamun famfon da ya ƙare da gaske: garin ƙarfe a mai, sitiyari mai nauyi a silo wanda ke sauƙi idan an taka totur, da fuli mai rawa. Gareji mai gejin auna matsi zai iya tabbatarwa cikin 'yan mintuna, kuma wannan awo ya fi canki-canka.

Wajen canzawa, cire kan batir na negatif, mai alamar (-), tukuna. Zuƙe mai, sassauta bel, kwance tiyon matsi da sifana mai kama noti ta kowane gefe don kada kansa ya murje. In fulin irin na matsawa ne, da abin zare fuli ake cire shi, da abin matsawa ake mayar da shi. Guduma tana fasa cikin sabon famfo tun kafin ya yi aikin minti ɗaya. Sa sababbin washa na jan ƙarfe ko zoben roba a haɗin matsi, tsofaffin ba sa sake kamawa. In tsohon famfo ya zubar da garin ƙarfe, wanke rak da tiyo da sabon mai kamar yadda aka bayyana kafin ka haɗa sabon, in ba haka ba garin zai zagayo ya cinye shi. Zuba ɗan mai a bakin famfon ka juya fulin da hannu kafin ka ɗaura bel, sannan ka fitar da iska inji a kashe. Famfon da aka tayar a bushe yana iya samun tabon da zai sa shi kuka har ƙarshen rayuwarsa.

In ƙarar ba ta mai ba ce

Ƙwas-ƙwas a jere mota na tafiya a kwana, kan shaf ne na waje. Gaf ko ƙarar sifirin da ke ɓallewa ana murɗawa a tsaye, boris ɗin saman shokazoba ne. Ɗora hannu a kansa a cikin bonet wani na murɗawa, za ka ji bugun. Ƙiƙi-ƙiƙi kamar tsohuwar ƙofa, boljoyin ne ko kan tayrod da giris ɗinsa ya bushe. Ɗaga motar, kama taya ta dama da hagu ka girgiza, sannan ta sama da ƙasa. In akwai wasa, wannan ya fi kukan famfo gaggawa, don boljoyin in ya fita taya kwanciya take yi mota na gudu.

Sitiyarin da ke da nauyi da safe ta gefe ɗaya, ya saki bayan ya ɗumi, ciwon cikin rak ne, sabon mai ba ya warkar da shi. Duk kuma lokacin da aka taɓa rak ko tayrod, sai an kai mota saitin tayoyi.

Bayan ka gama, shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gaban motar ta kwana. Da safe duba kwalin, duba layin man kafin ka tayar, sannan ka tayar ka murɗa dama da hagu tun injin na da sanyi, domin a wannan lokacin ne iska ke tona asirin kanta. Ka sake duba man bayan mako guda. In layin bai motsa ba, man garau, sitiyari ba nauyi, to ɗan siririn kukan da ya rage a tsohon famfo ba zai hana ka tafiya ba. Ka riƙa leƙa kofin duk lokacin da ka duba man inji, ka kuma lura ko sautin yana ƙaruwa.